Tattaki Bayan Ritaya: Takalmi Tukuna, Alhaji

Wani Alhaji daga Unguwar Rimi a Kaduna ya rubuto cewa shekarunsa 62, ya ajiye aiki, kuma tun yana saurayi yake burin taka ƙasa daga Makka zuwa Madina. Garatuti ya shigo, me zai fara saye?

Alhaji, Allah ya cika buri. Kakanninmu da ƙafa suka bi ta Chadi da Sudan zuwa hajji, wasu sai bayan shekaru suke komowa. Amma tsakanin garuruwan nan biyu ya haura kilomita 400. Ko kana cin kilomita 20 kullum, ka yi mako uku a hanya. Fara da asibiti, a auna hawan jini da suga, a duba gwiwa. Daga nan sai Dandalin Murtala bayan asuba, minti 30, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako. In ka iya awa huɗu yau, gobe ka tashi ka maimaita ba ɗingishi, to mun fara magana.

Sai takalmi, kuma a nan zan tsaya, don abin na ci mini tuwo a ƙwarya. Kasuwa ta cika da kambas na jabu: tambari ya fito ɓaro-ɓaro, kwali na sheƙi, ƙasan kuwa gam ne kawai ya riƙe shi. Mai shago ya rantse maka ɗan asali ne, a kuɗin da ko rabin buhun shinkafa ba zai saya ba, kai kuma ka yarda! Ni ma na taɓa yarda, sati biyu ƙasan ya buɗe baki. Murɗa takalmin a hannunka. In ya naɗe kamar tsumma, ajiye. Ciro shimfiɗar ciki ka dubi ɗinkin. Gwanjo mai kyau a Kasuwar Barci ya fi sabon jabu, amma shi ma da tarkonsa, don takalmin da ya daɗe a ajiye robarsa kan ruɓe ko ba a taɓa sawa ba. Danna da farce, in tana marmashewa ko tana danƙo, bar musu kayansu. Ka je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi tafiyar da ita, a samu sararin babban yatsa a gaba. Safar auduga na riƙe gumi, gumi ke kawo bororo. Kuma kar ka ɓoye shi a kwali sai ranar tafiya, yi wata biyu kana takawa da shi.

Wani matashi daga Kawo na tambaya ko ya saya wa mahaifinsa agogo mai ƙirga taku. Wayarsa ma na ƙirgawa. Kai dai raka shi.

Wani kuma yana neman sunan maganin ƙarfi da zai sha ya taka daga Kaduna zuwa Zariya a yini ɗaya. Kusan kilomita 80, a gefen titin da tireloli ke gudu? Babu. Ka nisanci ƙwayoyin da ake talla a faranti.

Hajiya daga Malali ta ce maigidanta na da ciwon suga, ya dage sai ya hau Dutsen Kufena na Zariya da abokansa, ita ko barci ba ta yi. Hajiya, kwantar da hankalinki, fargabarki na kan hanya, amma tafiya na taimakon mai suga. Ƙafarsa ce abin lura, domin ciwon kan rage jin zafi, mutum ya ji rauni bai sani ba. Ki riƙa duba tsakanin yatsunsa kowane dare. Ya gaya wa likitansa tukuna, ko za a gyara masa magani. Su tafi da hunturu, su bar watan Maris da Afrilu, su fita da sassafe tare da ɗan gari wanda ya san halin da wurin ke ciki. Ki cusa masa dabino a aljihu, ruwa kuma ya fi ƙarfin gora ɗaya.