Amsa ga mai tambaya a kan Jacques Hnizdovsky

Malam, ka tambaya ko hoton tunkiyar nan mai gashi cunkus da ka gani zanen alƙalami ne, kuma wa ya yi shi. Ba alƙalami ba ne. Sassaƙa ce a kan allon katako, a shafa tawada, a danna takarda, kamar yadda ake buga hatimi. Mai aikin Jacques Hnizdovsky ne, ɗan ƙasar Yukiren.

An haife shi a 1915 a ƙauyen Pylypche. Ya fara karatun zane a Warsaw, yaƙin duniya na biyu ya kora shi Zagreb da ke Kuroshiya, daga nan sai sansanin 'yan gudun hijira kusa da Munich. A 1949 ya isa Amurka, ya ɗan zauna a Minnesota kafin ya tare a New York.

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne haƙurinsa. Yakan je gidan namun daji na Bronx da ke New York ya zauna gaban dabba yana zanawa, ya koma gida ya fitar da kowane silin gashi da bakin wuƙa. Ka ƙara girman hoton a wayarka, ka duba ƙafafun nan sirara a ƙarƙashin tulin gashin.

Ya rasu a 1985. A 2005 aka mai da tokar gawarsa maƙabartar Lychakiv da ke birnin Lviv a Yukiren.