Tambaya da Amsa: Ina ƙara wa furanni ruwa, suna ƙara yaushi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da kariya da wardi cikin tukwanen siminti a tsakar gida. Tun da Agusta ya kama ganyensu ke yin rawaya yana zuba, gindin kariya ɗaya ma ya yi luguf kamar ruɓaɓɓen tumatir. Na ƙara ruwa, abin sai gaba yake yi. Mene ne magani?
Daga wata Hajiya, unguwar Birni, Damagaram

Amsa: Hajiya, a ajiye bokitin nan tukuna. Ruɓewar saiwa ce, aikin wasu ƙwayoyin cuta dangin fumfuna da ke zaune cikin ƙasa, irin su Pythium da Phytophthora da Fusarium. Idan ruwa ya kwana a tukunya, saiwa ba ta samun iska, sai su afka mata. Saiwar da ta ruɓe kuwa ba ta jan ruwa, shi ya sa ganye ke yaushi alhali ƙasa na jiƙe sharkaf. Mu 'yan Damagaram wahalar ruwa ta sa muna ganin ƙishi ne ke kashe kowace shuka, amma kariya 'yar daji ce, a gindinta take ajiye ruwanta.

Ki zare shukar, ki wanke saiwoyin. Mai lafiya fara ce, da ƙwari. Mai cuta ta yi baƙi-baƙi, tana wari, in kin ja ta da yatsu biyu ɓawon ya saluɓe ya bar zare. Ki yanke duk ruɓaɓɓen har sai kin ga farin nama tas, kina tsoma wuƙar cikin javel (ruwan bilic na wanki) kashi 1, ruwa kashi 9. A wannan haɗin za ki jiƙa tukunyar minti 30, ki ɗauraye. Kariya a barbaɗa mata farar wuta a wurin yankan, ta sha iska a inuwa kwana 5 zuwa 7 kafin a mayar. Wardi ba ya jure haka, a dasa shi nan take.

Tsohuwar ƙasar a fitar da ita daga gidan. Sabuwa: yashi mai tsakuwa kashi 2, takin da ya ruɓe sarai kashi 1, ban da lakar tafki. A huda gindin tukunya wuri 3 ko 4, a ɗora ta kan bulo. Kafin ban ruwa ki tura yatsa santimita 5, in da danshi ki bari.

Maganin metalaxyl yana taɓa Pythium da Phytophthora, bai yi wa Fusarium komai. In ruɓar ta hau har rassa, ki yanki reshe mai lafiya ki kafa a yashi.