Tambaya da Amsa: "Ina kwaikwayon ƙwararru har na rasa hannuna"

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a aji biyu, ina karatun zane-zane a jami'a. Tun ina sakandare nake bibiyar ayyukan ƙwararrun masu ɗaukar hoto da masu zanen littattafai a Instagram, kuma su ne suka sa na zaɓi wannan fanni, duk da cewa mahaifina aikin lauya ya so in karanta. Yanzu abin ya zame mini damuwa, domin duk abin da na zana sai ya fito kamar na wani da na taɓa gani. Malaminmu ya duba aikina na zangon da ya wuce, ya ce hannun yana da kyau amma bai ga mai hannun ba. Shin in daina kallon aikin ƙwararru ne, ko akwai hanyar da ɗalibi zai amfana da su ba tare da ya zama inuwarsu ba?
Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata. Kada ki daina kallo. Maganar malaminki gaskiya ce, kuma ba cin fuska ba ce, domin da hannun bai faɗa ba da ba zai nemi mai shi ba. Kwaikwayo shi ne matakin farko na kowace sana'ar hannu. Yaron da aka kai wajen maɗinkin babbar riga, aska biyu da aska takwas irin na ubangidansa yake ta maimaitawa shekara da shekaru kafin a fara gane ɗinkinsa daga nesa. Inda nake ganin matsalarki take shi ne aikin da aka gama kaɗai kike gani. Waya tana nuna miki hoto guda da ya yi kyau, amma ba ta nuna miki arba'in ɗin da aka zubar, ba ta kuma nuna miki tsayuwar da mai hoton ya yi yana jiran rana ta karkata. Wanda ya ga ƙarshen aiki kawai, kamanninsa ne iyakar abin da zai iya ɗauka. Abin da ɗalibi ke bukata daga ƙwararre shi ne yadda yake duban abu da yadda yake yanke shawara, kuma wannan ba a samunsa sai an zauna kusa da shi yana aiki.

Ni kaina a wani ƙaramin situdiyo a Sabon Garin Kano na fahimci haka, inda na yi 'yan watanni ina share ƙasa ina riƙe wa wani dattijo fitila, a zamanin da fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, kowane ɗaya kuma kuɗi ne. Wata rana aka kawo wata tsohuwa za a yi mata hoton fasfo na tafiya Hajji. Ta zauna a takure, ta ƙanƙame bakin mayafinta, fuskarta a ɗaure kamar an kawo ta gaban alƙali. Dattijon bai ko taɓa kyamara ba. Ya ja kujerarta zuwa bakin ƙofa inda hasken hantsi ke shigowa ta gefe, ya tambaye ta jikokinta nawa, ya ce wanne ne ya fi ƙiriniya. Tana cikin ba shi labari kafaɗunta suka sauka, sai ya ce, "Hajiya, ɗan dubo nan," ya danna sau ɗaya. Da a bango na ga wannan hoto, da labulen bayan da zaman kujerar zan kwaikwaya, in rasa dalilin da ya sa nawa bai yi rai ba.

Tarihin manyan masu hoto na Afirka ta Yamma cike yake da irin wannan zama. Malick Sidibé na ƙasar Mali ɗalibin zane ne kamarki a Bamako. A 1955 aka neme shi ya ƙawata shagon wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto, Gérard Guillat, kuma daga wannan ɗan aiki ya zama yaron shago, ya koyi kyamara. Bai tsaya kan hotunan da ubangidansa ke ɗauka ba. Ya bi samari da 'yan matan garinsu wuraren bukukuwa da bakin kogin Neja, har a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta Zakin Zinare a baje kolin fasaha na Benis da ke Italiya. Kafin shi akwai Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyo a Bamako a 1948, yana ɗaukar mutane a tsakar gida da hasken rana, da zane mai ado a bayansu, yana ara musu rediyo ko agogo ko babur su riƙe. A Najeriya kuwa J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya ci gaba shekaru da dama har ya tara kusan dubu, mafi yawansu daga ƙeya ko daga gefe domin tsarin kitson ya fito sosai. Abin da ya dace ki ɗauka daga gare shi shi ne naci a kan abu guda da kowa ke gani kullum ba wanda ya ɗauke shi da daraja. Idan kika je kika ɗauki hoton shuku daga ƙeya a fari da baƙi, kin maimaita shi ne kawai.

Kuma tunda daga Zariya kika rubuto, amsar tambayarki tana nan a garin da kike. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Malamansu galibi Turawa ne, kuma ɗaliban ba su yi watsi da abin da aka koya musu na sarrafa fenti da auna siffa ba, sai dai sun dage cewa a haɗa shi da fasahar gida. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya. Ke ma kina da naki. Akwai zayyanar allo, akwai dagi da sauran adon da magina ke yi a fuskar zaure a cikin birni, akwai bakan gizon rufin tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, akwai ƙunshin lalle da sassaƙar ƙwarya da zanen bayan manyan motoci. Ina jin takaici idan na ga ɗalibi ya san sunan mai zane goma a Amurka amma bai taɓa zama awa guda gaban mai zayyana yana kallon yadda yake raba allo da tawada ba. Dubi Fati Abubakar, 'yar Maiduguri da ta karanci aikin jinya. A lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai hayaƙi da gawarwaki, ita ta ɗauki kyamara ta shiga kasuwa da makaranta da gidan biki, ta nuna mutanen garinsu suna rayuwarsu. Kyamarar irin ta kowa ce, sanin garin ne nata.

Ga masu zane kuwa, akwai darasin da aji ba ya bayarwa, wato aiki a ƙarƙashin ƙa'ida da ƙurewar lokaci. Mai zanen barkwanci irin Mustapha Bulama, wanda aka sani da zanensa a jaridar Daily Trust, dole ya dunƙule maganar da ta cika shafi a cikin hoto guda kafin jarida ta tafi maɗaba'a. Mai zanen littafin yara kuma dole fuskar yaron da ya zana a shafi na 3 ta zama ita ce a shafi na 20, ko yana dariya ko yana kuka. Saboda haka idan lokacin zuwa sanin makamar aiki ya yi, kada ki nemi ofishin da za a sa miki hannu a littafi kawai. Nemi situdiyo ko maɗaba'a ko gidan jarida, ki roƙi a nuna miki littafin gwaji da zanen da edita ya mayar, ki tambayi dalili. A gida kuma ki ware littafi guda na kwaikwayo, ki rubuta sunan mai aikin a ƙasan kowane shafi, kada ki wallafa shi a matsayin naki. Duk dabarar da kika koya a ciki, washegari ki gwada ta a kan abin da ke gabanki, ko da hannun mahaifiyarki ne tana tankaɗe.

TAMBAYA: Ina son in koyi aiki wajen wani mai hoton biki a unguwarmu, amma ina jin nauyin tunkararsa. Yaya zan yi?
Daga wani ɗalibi, Maraɗi.

AMSA: Ɗana, ka bi hanyar da aka saba. Ka sami babba da ya san ku duka biyu ya kai ka, ka je da hotuna ko zane biyar da ka fi yarda da su, ka faɗa masa ranakun da ba ka da darasi. Ku yi magana a fili tun farko a kan ko za ka biya kuɗin koyo ko za a riƙa ba ka na mota, domin rashin wannan magana ne ke ɓata yawancin irin wannan zama. Da farko jaka za ka ɗauka, ka riƙe fitila, ka caja batir, kuma kada ka ɗaga wayarka ka ɗauki amarya ko baƙi sai da izininsa da nasu. Idan an dawo daga biki, ka nemi ya bar ka ka zauna a gefensa lokacin da yake zaɓen hotuna a kwamfuta, ka lura da waɗanda yake gogewa.