Filin Tambayoyin Masu Karatu: Shin Jinsen ɗin Biyetnam Zai Yi a Fadamar Sakkwato?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin albasa ne. Wani ɗan kasuwa ya nuna mini wata busasshiyar saiwa, ya ce jinsen ɗin Biyetnam ce, wai kilo ɗaya ya fi kuɗin albasar da nake girba a shekara, kuma zai samo mini iri in shuka a fadamata. Shin za ta yi a ƙasarmu? Kuma ta yaya zan gane ta ainihi ce? (Daga mai karatu a Kware)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka saki ko sisi, domin ko da irin na gaskiya ne, ba zai rayu a Kware ba.

Tsiron da ake nufi shi ne jinsen (wani tsiro da ake magani da saiwarsa) na Dutsen Ngoc Linh da ke tsakiyar Biyetnam. Ƙabilar Xo Dang sun daɗe suna magani da shi a ɓoye, kafin wani masanin haɗa magunguna mai suna Dao Kim Long da tawagarsa su gano shi a 1973, sannan aka ba shi sunan kimiyya, Panax vietnamensis, a 1985. Yana fitowa ne a kan tudun da ya haura mita 1,200, a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwan kurmi, cikin ruɓaɓɓen ganye, inda hazo da sanyi da damshi ba sa yankewa. Ka gwada wannan da watan Afrilu a Sakkwato, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sai ka ga cewa ban ruwa komai yawansa ba zai maye gurbin kurmi ba. Ko a can ma, manomi yana jiran shekara biyar zuwa shida ko fiye kafin ya haƙa, yana gadin gonarsa daga ɓeraye da ɓarayi, alhali kai albasarka wata kaɗan take ɗauka.

Batun gane ta ainihi ya fi wuya, kuma shi ne ya fi damuna. Kowace shekara karan tsiron yana bushewa ya bar tabo ɗaya a jikin saiwar, don haka masu saye ke ƙirga tabo su san shekarunta. Sai dai akwai 'yan'uwanta da suka yi kama da ita ƙwarai, waɗanda ake sayarwa da sunanta har a cikin Biyetnam. Saboda haka ake kai saiwar ɗakin gwaje-gwaje a auna sinadarin da ta yi suna da shi, wato majonoside R2, kuma tun da wata 'yar'uwarta ta yankin Lai Chau da ke arewacin Biyetnam ita ma tana ɗauke da shi, sai an haɗa da gwajin ƙwayar halitta kafin a tabbatar. Hukumomin ƙasar sun yi wa sunan rajista a 2016 domin a ɗaure shi da yankin da ake noma shi, suka kuma ayyana shi cikin kayan alfaharin ƙasa a 2017. Idan masu abin ba su yarda da ido kaɗai ba, ina ga mu da ke nesa?

Idan sha'awarka noman tsiron magani ce, ga zogale da tafarnuwa da suka san ƙasarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin noma da tattara irin waɗannan tsirrai a 2003, kuma abin da suke nema bai fi ƙarfinka ba: ka san asalin irinka, ka rubuta ranar shuka da ta girbi da duk maganin ƙwarin da ka fesa, ka shanya a kan tabarma ko raga mai tsabta ba a ƙasa ba, ka kuma adana inda lema ba za ta jawo fumfuna ba. In za ka ƙulla shi a leda ko kwalba ka sayar a matsayin magani, sai ka nemi lambar NAFDAC tukuna.