Yaya, Ga Amsar Tambayarka Kan Koyarwar Yara a Ayalan

Yaya, barka da aiki. Ya gida, ya jama'ar coci? Na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce ka ga hoton 'yarka cikin farar riga da lulluɓi, kana tambaya wane katikis ne ya koyar da ita, wata nawa ta yi a aji, wa kuma ya yi mata jarrabawa kafin a bar ta ta karɓi Jibi Mai Tsarki tana shekara takwas. Na ji ɗan faɗa-faɗa a muryar, ban kuma ga laifinka ba. Wanda ya yi horon katikis a Malumfashi, ya kwashe shekaru yana tara yara ƙarƙashin darbejiya kowace yammar Asabar, dole ya tambaya.

To, a cocin unguwarmu a nan birnin Cork na Ayalan babu katikis irinka. Aikin da kake yi, makarantar firamare ce ke yinsa. Kusan tara cikin goma na firamaren ƙasar nan suna ƙarƙashin kulawar Cocin Katolika, ko da yake gwamnati ce ke biyan malamai. Malamar da ke koya wa yaro lissafi da safe, ita ce za ta koya masa alamar gicciye da Addu'ar Ubangiji. A aji na biyu, yara na da shekara bakwai zuwa takwas, sai a shirya su furta zunubi na farko, sannan a watan Mayu ajin ya ɗunguma coci ran Asabar su karɓi Jibi tare. A aji na shida Bishop ya zo ya yi musu Ƙarfafawa, wato ɗora hannu na tabbatar da su cikin bangaskiya. Batun ƙanƙantar shekaru kada ya dame ka, tun 1910 Fafaroma Pius na Goma ya ce da yaro ya kai wajen shekara bakwai ya yi wayon da za a ba shi. Jarrabawa ce dai babu. Ba wanda ake cewa ya koma sai baɗi don ya kasa kawo dokoki goma, yadda aka yi min, kana tsaye kana min dariya.

Ranar kanta sai ka rantse biki ake. Uwaye sun sha gyaran gashi, an yi hayar gidan roba da ake hura wa iska yara su yi ta tsalle, dangi da maƙwabta suna miƙa wa yaro ambulan da kuɗi a ciki. 'Yarka ta dawo makaranta ran Litinin tana ba ni labarin wanda ya fi kowa tara Yuro. Abin da ya tsaya min a rai shi ne Lahadin da ta biyo baya. Cocin da jiya babu masaka tsinke ya koma na masu furfura. Cikin 'yan ajinsu, waɗanda na gani ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Misa kuwa minti arba'in an tashi. Babu ganga, babu tulu, babu rawar kai baiko gaba. Kwando ake zagayawa da shi shiru, kamar ana zaman makoki.

Kada ka ce mutanen banza ne. An cuce su ne. Rahotannin da gwamnati ta fitar a 2009 sun tona yadda wasu limamai da ma'aikatan gidajen renon coci suka lalata yara shekara da shekaru, manya kuma suka rufa asiri. Har yau raunin bai warke ba. Shi ya sa da na ce zan taimaka da ajin yara lokacin Misa, sai da 'yan sanda suka bincika tarihina, na kuma zauna horo. Ba a yarda babba ɗaya ya keɓe da yara, sai biyu. Da farko na ji kamar an zarge ni. Yanzu ina ganin ko mu a gida da mun ɗauki wannan da ba mu yi asara ba.

Zumuncinsu ma akwai shi, ba dai a inda muka saba nemansa ba. A nan idan an ce farish, yanki ne na ƙasa mai iyaka, kuma ƙungiyar ƙwallon gargajiyarsu bisa wannan iyaka take. Mutumin da rabonsa da Misa tun Kirsimeti zai tsaya cikin ruwan sama yana koya wa yaran unguwa wasan sanda da ƙwallo kyauta. Ɗanka babba a can ya samu abokai, ba a coci ba. Wajen mutuwa kuma ba a bar su a baya ba, gari kan fito gaisuwa, bayan wata guda a sake yi wa mamaci Misa.

Mu 'yan Arewa ba mu da yawa. A Misar 'yan Afirka waƙoƙin Ibo da Yarbawa sun fi yawa, sai mu lallaɓa mu saka tamu guda ɗaya. Babu Zumuntar Mata mai anko da shugaba da ma'aji, sai dai mu 'yan tsiraru mu haɗu a falon wata, a dafa tuwon semo da miyar kuka da aka yo tsaraba, a ja carbi, a yi tambayar gida.

Akwai abin da zai ba ka mamaki. A garin nan hedkwatar limaman SMA na Ayalan take, wato ƙungiyar masu mishan zuwa Afirka da ta kafa mishan a Shendam a 1907, ta kuma yi aiki a Jos da Kaduna da Kano. Tsofaffinsu nan suke dawowa hutawa. Wata rana wani tsohon Fada mai dogara sanda ya ji ina tsawata wa yara da Hausa a bakin coci, ya juyo ya ce min sannu da aiki, ina gajiya. Na rasa bakin amsawa. Ya tambayi 'yarka sunanta da Hausa, ta tsaya tana kallona. Kunya ta rufe ni, Bature ya fi 'yata Hausa. Ga shi kuma yanzu limamai daga Najeriya ne ke riƙe da wasu cocin ƙasar nan, don nasu matasan sun daina shiga aikin.

Tun daga ranar na sa doka. Bayan cin abincin dare, kafin kowa ya taɓa waya, muna karanta aya biyu daga Littafi Mai Tsarki na Hausa da Inna ta cusa min a jaka, mu yi "A gaishe ki Maryamu" da harshenmu. Babban yana gunaguni, ƙaramar tana cewa "alheri" kamar bakinta da ruwan zafi. Tambayoyin da kake yi wa yaranka na manta rabinsu, don haka idan ka samu mai zuwa, ka aiko min da ɗan littafin katikisma naka, ko da tsohon ne mai yagaggen bango. In Allah ya kawo mu hutun Agusta, na gaya mata kawunta zai zaunar da ita ƙarƙashin darbejiya ya yi mata jarrabawar da ba a yi mata ba. Ta ce in tambaye ka ko kana duka.

Ka gaida Inna da matarka da yara.