Amsoshin Tambayoyinku: Sayayyar Mai Jinya Bayan Tiyatar Hanta

Wata baiwar Allah ta rubuto daga Zariya cewa makonni biyu ke nan da aka yanke wa mahaifinta wani ɓangare na hanta, saboda sankarar babban hanji da ta yaɗu zuwa can, kuma tun da aka sallamo shi loma biyu yake yi ya ture kwano. Tana tambaya ko ta ɗauki kuɗin adashinta ta sayi madarar gwangwani ta masu jinya da ake shigowa da ita daga waje.

Sannu da ƙoƙari, 'yata, Allah ya ba Baba lafiya. Ki kwantar da hankalinki, domin kasala da rashin son abinci a makonnin farko ba baƙon abu ba ne. Hanta gaɓa ce da take sake tofowa, har likitoci kan cire kusan kashi 70 cikin 100 na lafiyayyar hanta, ragowar ta girma ta cike gurbin cikin 'yan watanni, kuma wannan aikin ne yake cinye ƙarfin Baba. Abin da yake bukata abinci ne mai gina jiki, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini: dafaffen ƙwai, alala, farfesun kifi marar mai da yawa, kunu da madara. Kuɗin gwangwani ɗaya ya ishe ki cefanen waɗannan na kwanaki, saboda haka ki bar adashinki, sai fa idan ya ci gaba da ramewa kuma likitansa ya rubuta madarar. In za ki dama masa kunun gyaɗa, ki zauna da faifai ki tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta yamushe, ko take warin ruma, domin gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da dafin afulatoksin, wanda hanta ce wurin ɓarnarsa.

Wani daga Maraɗi yana tambaya ko ya saya wa maiɗakinsa bel ɗin ɗaure ciki. Malam, idan likitan da ya yi aikin ya amince, ka sayi na roba mai manne, daidai faɗin cikinta, kada ya matse numfashi. Amma ka sani bel ba lasisin aiki ba ne: har makonni shida kada ta ɗaga bokitin ruwa, kada ta yi daka, kada ta goya yaro, kuma ta yi sallarta a zaune muddin ruku'u yana jan ɗinkin. Ɗan tattaki a tsakar gida kullum kyauta ne, kuma yana rage haɗarin daskarewar jini a ƙafa.

Akwai kuma wanda ya ce yana saya wa yayansa gasasshiyar hanta kowane dare wurin mai tsire, wai don hanta ta gyara hanta. Haba, Malam! Da haka abin yake, da masu cin ƙwaƙwalwar rago sun fi kowa ilimi. Ka daina.

Wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai ta wata uwa ce daga Kano, wadda aka kawo mata jarkar jiƙo ta "wankin hanta" a kan kuɗi masu yawa, aka ce zai hana sankarar ɗanta dawowa ba sai ya koma asibiti an yi masa kemo (maganin sankara na asibiti) ba. Hajiya, na san tsoro ne ya kai ki, kuma ba na ganin laifinki, amma don Allah kada ko cokali ɗaya ya shiga bakinsa. Duk abin da mutum ya haɗiya sai ya bi ta hanta, kuma hantar da aka rage mata girma ba ta da ƙarfin tace abin da mai haɗa shi ma bai san awonsa ba. Na taɓa tsayawa bayan wata mota mai lasifika a bakin kasuwa, na ɗauki kwalba na juya ta: babu ranar lalacewa, babu jerin abin da ke ciki, murfin kuma na tsohuwar robar lemo ne, amma takardar ta lissafa basir, sanyi, hanta da daji duk a layi ɗaya. Mai wannan kwalba zai tada motarsa ya koma wata kasuwar gobe, ku kuma ya bar ku da mai jinyar da idonsa ya yi ɗorawa. Ko maganin gargajiyar da yake da lambar NAFDAC, lambar ba shaida ba ce cewa yana warkar da sankara.

Kada kuma a ɗauka maganin kemis ya tsira daga wannan gargaɗi. Haɗin nan da ake ƙullowa a leda sau da yawa akwai farasitamol a ciki, ga shi kuma a cikin maganin mura, sai mutum ya ninka abin da hantarsa za ta iya ɗauka bai sani ba, su dikulofenak da ibufurofen kuwa suna iya jawo zubar jini. Idan aka rubuta masa ƙwayoyin kemo irin su kafesitabin, ku saya a kantin maganin asibiti ko wurin mai harhaɗa magani mai rajista, ku duba hatimin kwali da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa ku kankare ku tura lambar ta waya don tabbatar ba jabu ba ne. Maganin sankara da aka yi muku tayinsa a rabin kuɗi ta WhatsApp, ku guje shi ko da ɗan'uwa ne ya turo.

Kuɗin jarkar nan, Hajiya, ki ƙulle su don hoton cikin jiki na CT da gwajin jinin CEA, mai nuna alamar dawowar sankara, da za a riƙa yi masa duk bayan wata uku zuwa shida a shekarun farko, domin irin wannan ciwo yakan dawo, kuma idan aka gan shi da wuri akan iya sake yin aiki. Ki kuma ware kuɗin mota a gefe guda, saboda ranar da kika ga zazzaɓi, ko ido ya yi rawaya, ko fitsari ya koma kamar ruwan shayi, ko ɗinki yana tsiyayar ruwa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, a daren za ku tafi asibitin da aka yi masa aikin.