Yadda za ka ji daɗin tsofaffin finafinan wasan waƙa na Kanton, a kudancin China

Malam, ka ce ka kunna wani tsohon fim na Hong Kong, ƙarar kuge da siririyar murya suka kore ka kafin minti goma. Ni ma haka na fara.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaman jiran faɗa. Waɗannan finafinan, da suka yi tashe a shekarun 1950 da 1960, wasan dandamali ne aka ɗauka da kyamara, waƙar ce ke ɗauke da labarin. Kugen kuwa yana sanar da shigowar ɗan wasa da motsinsa. Ka riƙa kallon hannu: dogayen fararen hannayen rigar nan, in mace ta kai su fuska, kuka take ko kunya. Wanda ya riƙe bulala yana zagaya dandamali, a kan doki yake.

Fara da fim ɗin Tai Nui Fa na 1959, na 'yan wasa Yam Kim-fai da Bak Sheut-sin. Angon da za ka gani mace ce, Yam, kuma a fitowar namiji ta yi suna.

Nemi kwafi mai fassara a ƙasa. Baitocin tsohon harshe ne, sai wanda ya ji Kantonanci, harshen finafinan, sosai ne zai gane su. Ma'ajiyar finafinan Hong Kong ma tana gyara irin waɗannan tsofaffin kwafin.